Allurar da Ba a Yi wa Karimatu Ba

Duk wanda ya san Ɗantani ya san shi da yarda da allura. A ƙauyensu da ke bayan Ajingi, inda iyayensu suka ajiye yawon kiwo suka haɗa sanda da fartanya, idan malaman dabbobi suka iso don rigakafin ciwon huhu, garkensa ne na farko a fili. Masu ɓoye shanu a daji suna cewa allurar gwamnati tana ƙafar da nono, shi yake bin su gida-gida yana yi musu faɗa. Ba a makaranta ya koya ba. Kakansa ma, tun babu malaman, in ciwon ya kashe saniya yakan yanko ɗan tsokar huhunta, ya tsaga karan hancin masu lafiya ya cusa musu. Hancin ya kumbura, saniya ta kwana biyu tana jin jiki, daga nan ciwon ba ya ƙara kayar da ita. Da wannan sanin Ɗantani ya taso, cewa ana ɗanɗana wa jiki cuta kaɗan don ya koyi faɗa da babba.

Amma abin yana da ƙa'ida a wajensu, kuma ƙa'idar ta fi allurar tsufa. Ba a yi wa ramammiya, ba a yi wa guzuma, wato tsohuwar saniyar da haƙoranta suka ƙare. Ware su ake yi, a ba su dusa da harawa, sai sun yi kumari a shigar da su. Ɗantani bai koyi wannan da baki ba. Yana ɗan shekara goma aka ba shi igiyar guzumar mahaifiyarsa, aka ce ya riƙe ta a gindin tsamiya har malaman su gama. Kallo ya ɗauke masa hankali, ta fizge ta bi 'yan uwanta, aka soka mata tare da su. Kumburi ya taso mata daga wutsiya har ƙugu. Ta kwanta a bayan ɗaki tana wani irin nishi, gajere, mai fita da ƙyar, har aka gaji aka sa mata wuƙa. Mahaifiyarsa ba ta ce masa uffan ba, kuma da ta zane shi da ya fi masa sauƙi. Ya yi aure, ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, nishin nan bai bar kunnensa ba.

Shekarar da korona ta shigo, lokacin da aka yi ta kwasar dattawa a Kano cikin azumi, ya sake jin sa. Wani abokinsa dillalin shanu a Gaya ya kwanta, Ɗantani ya je dubiya. Bai ma shiga ɗakin ba. Daga bakin ƙofa ya ji yadda mutumin yake jan iska, ya juyo, ya ce wa masu gida Allah ya sawwaƙe, alhali ya san an gama. Saboda haka da shekara ta zagayo aka ce an samo allura, bai tsaya sauraron masu cewa tana hana haihuwa ko tana kashe mutum bayan shekara biyu ba. Ya ce duk wannan surutun ya riga ya ji shi a kan shanu, kuma masu yin sa su ne suka ƙare da sanda babu garke. Ya tara gidansa ya ce ranar kasuwar Ajingi kowa zai miƙa hannu.

Kowa, ban da mutum ɗaya, kuma wannan bai faɗa a gaban yara ba.

Karimatu matarsa ce tun suna da ƙuruciya, 'yar ƙauyen Balan, mace mai yawan dariya da tsokana. Ciwon suga ya kama ta shekarun baya ya zuƙe ta, ga fuka da takan taso mata in damina ta yi nisa. Duk da haka ita ce ta fi kowa tashi da wuri a gidan. Ranar kasuwar, da sassafe, ya same ta a bayan ɗaki tana wanke ƙoren nono, ƙaramar rediyonta tana magana a kan turmi.

Ta ce, "Malam, ka ji abin da suke faɗa? Wai irinmu masu suga da tsofaffi aka fi so mu fara. Yau dai na ga ranar da ciwo ya sa ni a gaban layi."

Ɗantani ya ƙura mata ido. Hannunta yake kallo. Da ta ɗaga ƙwarya, awarwaronta ya zame daga wuyan hannu ya gangaro har gwiwar hannu, babu naman da zai tare shi.

Ya ce, "Ba yau ba. Ki bari ki ɗan murmure tukuna."

"Su da suka yi abin sun ce ba ta da illa."

"Su ba su gan ki ba. Ni nake ganin ki."

Ta ajiye ƙwaryar ta dube shi da murmushi. "Malam, saniya ce ni?"

"Da saniya ce ke, da ban damu haka ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da tarin ya lafa ta ga fuskarsa, ta ga ba wasa yake yi ba, tsoro ne tsagwaronsa. Ta san labarin guzumar. Ita kaɗai ya taɓa ba wa. Ta ce to, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Can sai ga Suhaib, ɗansu mai sana'ar acaɓa tsakanin Ajingi da Gaya, ya leƙo yana kaɗa makullin babur. "Inna, ki shirya, ke zan fara kaiwa kafin layi ya yi tsawo."

Ta ce, "Yau kaina ke sarawa. Ku je, wani satin."

Ba ta ce ubanku ya hana ni ba. Mace irin Karimatu ba ta kwance wa mijinta zani a gaban 'ya'yansa, ko da kuwa ta ga bai yi daidai ba. Ta ɗauki hanin ta ɗora a kanta, kuma daga ranar ba ta sauke ba.

A kasuwa, masu allurar sun kafa teburinsu a wata rumfa kusa da masu gyaɗa. Wadda take yi ita ce Malama Sadiyya, ma'aikaciyar lafiya da ta saba auna wa Karimatu suga. Ɗantani ne ya fara zama a kujerar, ya naɗe hannun riga da kansa, yana hararar 'yan kallo da suka yi cirko-cirko suna jiran su ga ya faɗi.

Malama Sadiyya ta ce, "Baba, ina Inna? Ita na fi sa ran gani."

"Ba ta jin daɗi yau." Sannan ya tambaya kamar ba a kan kowa ba. "Wai ni, mutum in yana da rauni, ya rame, ita ma ana yi masa? Mu a shanu ware irinsu muke yi."

Ta ce, "Na shanu kai ne malami, Baba, ba zan yi maka musu ba. Amma wannan ba ta sa wa mutum korona. Iyakarta ɗan zazzaɓi da ciwon hannu, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Mai ƙarfi in cutar ta kama shi, sau da yawa yakan tashi. Mai suga ita take kayarwa. Shi ya sa muke neman su da fari. An yi wa masu suga ba adadi, a nan da wasu ƙasashe. Ka kawo ta, don Allah."

Ya ce to, ya gode. A ransa kuwa ya ce yarinya ce sa'ar 'yarsa, ta karanta a takarda, ba ta taɓa zama kusa da abin da allura ta kwantar ba.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne zazzaɓin. Kafin magariba sanyi ya rufe Ɗantani, haƙoransa suna haɗuwa, hannun ya yi nauyi kamar an rataya masa dutsen niƙa. Karimatu ta lulluɓe shi da bargo, ta dafa masa citta, tana yi masa tsiya wai ga sarkin allura a kwance. Shi kuwa yana rawar ɗari yana cewa, "Kin gani? Ni da ƙarfina ke nan. In ta yi mini haka, ke me za ta yi miki?" Kashegari da hantsi ya miƙe garau, har ya je ya yi noma. Amma mutum yana zaɓen abin da zai tuna. Ɗantani ya riƙe kwanciyar, ya manta da tashin.

Daga nan ya shiga aikin da ya iya, wato kiwo. Duk ranar kasuwa sai ya dawo da hanta a takarda. Ya hana a sayar da ƙwan zabin gidan, ya ce na Innar yara ne. Nonon saniyar da ta fi kowace maiƙo aka ware mata. Yakan zauna ya tsare ta sai ta cinye, tana ci tana mita.

"Malam, babbar salla dai ta wuce. Wa za ka sayar wa?"

"Ci dai."

In ta miƙa hannu za ta ɗauki wani abu, sai ta kama shi yana leƙen awarwaron. Ita abin dariya yake ba ta, kuma yana ba ta tausayi, domin a tsawon zamansu bai taɓa nuna mata so a fili kamar na wannan damina ba. Wataƙila shi ya sa ba ta matsa ba. Suhaib kuwa bai gaji ba. Duk sati sai ya yi mata maganar, duk sati da abin da za ta ce, yau baƙi, gobe ciwon ƙafa. Har ya fara cewa Inna dai ta shiga sahun masu jin jita-jita.

Wata rana yayarta Indo ta zo daga Balan. Indo ta girme ta nesa, ita ma da nata sugan, amma mace ce mai jiki da murya, in tana magana a tsakar gida ana jin ta a garke. Ta yaye mayafi ta nuna damtse.

"Ga shi nan, biyu aka yi mini. Ko ciwon kai ban yi ba. Ke me kike jira?"

Karimatu ta ce, "Tsoron allura nake yi, Yaya."

"Ke da kika haihu bakwai a ɗaki, tsinken allura ne zai ba ki tsoro? Tun kina yarinya haka kike, in kin kafe ba mai tanƙwara ki. Mijinki ya yi, 'ya'yanki sun yi. Ki ji tsoron Allah."

Ɗantani yana zaure yana gyaran igiya, duk a kunnensa. Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga kai. Ya so ya shiga ya ce ba laifinta ba ne. Sai wata zuciyar ta ce masa ai Indo tana da nama a jiki, ba ɗaya suke ba. Ya ci gaba da murza igiyarsa.

Duk da haka maganar ta yi masa aiki. Da ya koma aka yi masa ta biyu, ko gezau bai yi ba. Ya ga tsofaffin da suka fi Karimatu rauni an yi musu suna yawonsu, har da wani makaho da ake ja da sanda. Tsoron ya fara saki. Lokacin da aka fara cirar gyaɗa, wata safiya ya kama hannunta ya ɗaga. Awarwaron ya gangaro ya tsaya a tsakiya.

Ya ce, "Kin yi kumari. In kin dawo daga Gaya, kasuwar da ta biyo baya ni zan kai ki da kaina."

Ta ce, "Alhamdu lillahi, an sa ni a garke."

Gaya ɗin da za ta je suna ne. 'Yar farinsu Khaula ta haihu, kuma dole uwa ta je ta kwana biyu ta ga yadda ake wankan jego. Ranar sunan aka tashi da ruwan ƙarshen damina, mai iska. Matan da aka shimfiɗa wa tabarmi a tsakar gida duk suka dunguma ɗakin mai jego, aka rufe taga saboda jariri. Mata sun fi ashirin a ɗaki ɗaya, ana ci ana hira ana miƙa jariri hannu-hannu. A cikinsu akwai wata gwaggon angon ƙarni da ta zo daga birni, tana ta tari cikin mayafi tana cewa murar hanya ce. Indo tana gefenta na dama, Karimatu tana na hagu.

Karimatu ta dawo gida da ɗan ciwon maƙogwaro. Kafin ranar kasuwa ta zo, gidan duk ya ɗauka. Suhaib ya ajiye babur ya kwanta da ciwon jiki. Ɗantani ya yi tari, ya wayi gari ya shiga garke bai ji warin kashin shanu ba, bai ji na hayaƙi ba, abin ya ba shi mamaki. Indo ta bugo waya daga Balan da toshewar hanci tana zagin gwaggon birni. Amma duk nasu bai yi nisa ba. Suhaib ya koma kan babur. Indo ta koma faɗanta. Ɗantani ya ci gaba da ɗaukar gyaɗa daga gona.

Karimatu ce ba ta tashi ba. Zazzaɓin ya sauka ya dawo. Ta daina cin hantar, ta daina tsokana. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango. Wata la'asar Ɗantani ya shigo da ɗaurin harawa a ka, yana tsakar gida ya ji shi daga ɗakinta, gajere, mai fita da ƙyar. Ya saki harawar a inda yake tsaye. Ƙafafunsa suka ƙi shiga ɗakin, kamar yadda suka ƙi shiga na abokinsa dillali.

Ya sa Suhaib ya kai shi wajen Malama Sadiyya. Ya same ta tana haɗa kayanta za ta tashi. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Ki zo ki yi mata yanzu. Na yarda. Ki ɗauko allurar mu tafi."

Ta tambaye shi yadda numfashin yake, ya faɗa mata. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Baba, rigakafi ba magani ba ne. Sai ta warke za a yi mata. Yanzu iska take bukata. Ku kai ta asibitin Gaya, kada ku bari ta kwana a gida."

Ya sani. Shi da bakinsa ya sha faɗa wa makiyaya cewa ba a kawo saniya wajen rigakafi bayan ta fara tari. Ya juya, shi da Suhaib suka koma gida.

A adaidaita sahu aka kai ta, kanta a kafaɗarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Indo ta riga su isa. Aka kwantar da Karimatu, aka sa mata robar iska a fuska, aka maƙala mata wani ɗan abu a yatsa. Likitan, wani saurayi mai takunkumi, ya dubi abin ya dubi ma'aikaciyar jinya. Sannan ya juyo wajensu a bakin ƙofa ya fara tambaya. Yaushe ta fara, wane magani take sha na suga.

"An yi mata rigakafin korona?"

Suhaib ya ce, "Mu duk an yi mana, likita. Ita ce muka yi ta fama da ita."

Ɗantani ya buɗe baki. Maganar tana kan harshensa, wallahi tana kai. Sai Karimatu ta ɗaga hannu ta janye robar daga fuskarta. Sai da ta ja iska sau biyu kafin muryar ta fito.

"Ni na ƙi, likita. Babu wanda ya hana ni."

Ba likitan take kallo ba. Ma'aikaciyar ta mayar mata da robar, aka ce su fita waje.

Kwanakin da suka biyo baya a gindin wata bishiya ya yi su, daura da tagar ɗakin, domin ba a barin kowa ya zauna a ciki. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Rana ɗaya da ta ɗan samu sauƙi aka bar shi ya shiga da takunkumi, aka ce kada ya daɗe. Ya durƙusa a gefen gadon. Ya ce mata zai faɗa wa yara gaskiya, ba zai iya riƙewa ba.

Ta girgiza kai. Ya kai kunnensa kusa da robar.

"Uwa za su rasa, Malam. Kada ka sa su rasa uba."

Ya ce ta yafe masa. Ta lumshe ido ta buɗe, ta ɗan matsa yatsunsa. Kashegari da hantsi, yana zaune a gindin bishiyar, ya ga an zuge labulen tagar.

Zaman makoki a ƙofar gida aka yi shi, maza a kan tabarmi, mata a ciki. Ɗantani yana amsa gaisuwa, yana shafa addu'a, amma rabin hankalinsa yana bayan zana. Can cikin hayaniyar mata yakan ji ɗan tarinta, wanda dariya take jawo mata, sarai, daga wajen da take wanke ƙore. Sai ya waiga. Mutane suka lura yana yawan waige, suka ɗauka baƙi yake dubawa. Sau ɗaya har ya miƙe ya leƙa. Babu kowa a wurin sai ƙoren a kife, da rediyonta a kan turmi.

Abin da ya fi tarin damunsa shi ne abin da masu rai suke faɗa. Ba da mugunta suke yi ba, ƙasa-ƙasa ne, bayan an shafa fatiha. Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki, sai dai taurin kai. Gida guda an yi wa kowa, kowa ya tashi, ita kaɗai ta ƙi. Ga yayarta nan da ta girme ta, tabarma ɗaya suka zauna. Muryar Indo tana fitowa daga ciki tana kuka tana faɗa, wai ta roƙe ta, ta roƙe ta, yarinyar nan ba ta ji. Suhaib kuwa ya daina cewa Inna. In zai ambace ta sai ya ɗaure fuska, kuma Ɗantani ya gane ba baƙin ciki ne kaɗai ba, har da fushi. Yaron yana jin haushin uwarsa tana cikin ƙasa.

Ya riƙe sirrin har ranar sadakar uku. Da liman ya gama addu'a ya ƙara da nasiha, ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da neman tsari, kuma abin da ya faru a gidan nan ya ishi mai hankali. Mutane suka gyaɗa kai. A nan Ɗantani ya ji ba zai iya ba.

Ya ce, "Ni na hana ta."

Duk aka juyo aka dube shi. Ya faɗa musu duka. Ya ce ta so a yi mata tun ranar farko, ita ta fara kawo maganar. Ya ce shi ya ga ta rame ya ware ta, yadda ake ware ramammiya. Ciwon kai da baƙi da tsoron allura duk ƙarya take yi don ta rufe shi.

Suhaib ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baffa, ka bari. A gabana ta faɗa wa likita."

"Don ni ta faɗa."

"Kai da ka fi kowa son allura a ƙasar nan? Kai da aka fara yi wa?"

Daga bayan zana Indo ta fashe da sabon kuka. "Allah sarki, Malam Ɗantani. Tana raye ya yi ta ɗawainiya da ita, ta mutu yana rufa mata asiri. Allah ya saka maka."

Liman ya dafa gwiwarsa ya ce ya yi haƙuri, zafin rashi ne, kowa yakan ɗora wa kansa laifi a irin wannan lokaci. Aka ce amin, aka shigo da ƙosan sadaka.

Ya sake faɗa wa Khaula da ta zo. Ya faɗa wa Malama Sadiyya. Kowa ya dube shi da tausayi, kuma kowace faɗa ƙara masa daraja take yi. Karimatu ta yi aikinta da kyau, ta toshe ko'ina, ba ta bar masa ƙofar da zai shiga ya karɓi laifinsa ba. Matan ƙauyen suka fara yi wa mazajensu gori da shi. Tarin bayan zana kuwa bai daina ba, musamman da safe in gidan ya yi shiru, har ya koma shan kokonsa a garke.

Labarin ya bazu har Balan da ƙauyukan Gaya, kuma ya yi abin da rediyo ta kasa. Tsofaffi da masu suga suka riƙa fitowa, wasu da ƙafarsu, wasu an ɗauko su a babur. Wata ranar kasuwa Ɗantani ya zo wucewa ta rumfar masu allura, ya ga layin mata ya kai har wajen masu gyaɗa. A ƙarshen layin wata matashiya da bai sani ba tana jan hannun wata tsohuwa siririya, tsohuwar tana turjewa.

"Gwaggo, ki taho mana. Ko so kike ki yi irin ta Karimatu?"

Ya tsaya. Bai san sunan ya yi nisa haka ba.

Ya ce, "Yarinya, Karimatu ba ta ƙi ba. Ta so a yi mata. Mijinta ne ya hana ta."

Matashiyar ta dube shi sama da ƙasa, tsoho da sanda da ƙullin gishirin shanu a hannu. Ta ce, "Haba Baba, ka ji tsoron Allah. Da ka san mijinta da ba ka faɗi haka ba. Duk ƙasar nan babu mutumin kirki irinsa."

Ta ja tsohuwar suka nufi layi. Ɗantani ya matsa ya ba su hanya.